Yadda Muka Sa wa Motarmu Fitilun Hazo

Wanda bai taɓa hawa dutsen Mambila da damina ba, da wuya ya gane abin da mu ke nufi in mun ce hazo. A ƙasar Hausa in an ce hazo, ƙurar hunturu a ke nufi, wadda ta ke busar da leɓe ta kuma rufe rana. Namu na nan ba ƙura ba ne, girgije ne da kansa ya ke saukowa ya kwanta a kan hanya. Tudun nan ya kai wajen mita 1,600 bisa teku, saboda haka abin da mutanen Jalingo su ke ɗaga kai su gani a sama, mu a cikinsa mu ke tafiya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan muna koyarwa a makarantar ekklesiya a wani ƙauye kusa da Nguroje. Muna da wata tsohuwar a-kori-kura wadda muka haɗa kuɗi muka saya, mu da ƙanenmu. Da suna dai tamu ce, amma aikinta na gari duka ne. Ita ke ɗauko masara daga gona, ita ke kawo kwanon rufi da littattafan makaranta, in kuwa naƙuda ta kama wata da tsakar dare, ƙofarmu a ke ƙwanƙwasawa. Muna so mu ba masu karatu labarin yadda muka sa mata fitilun hazo da hannunmu, da kurakurai biyu da muka yi, ko wani ya tsira daga irinsu.

Bara waccan, cikin watan Agusta, muka sauka Serti gaishe da surukai, mu da uwargida da yara uku. Muka yi niyyar komowa da rana tsaka, sai taya ta yi faci, muka ɓata lokaci wurin gyara. Ba mu wuce Mayo Selbe ba sai da rana ta faɗi. Daga nan ne hawan ya ke farawa. Hanyar tana ta lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Ba mu yi nisa ba hazo ya rufe mu ruf. Muka yi abin da kowane direba marar sani ya kan yi, watau muka ɗaga babbar wuta, wadda direbobi ke kira ful. Nan take gabanmu ya zama kamar an rataye farin zane a kan gilashi.

Uwargida ta ce, "Malam, kana ganin hanya kuwa?" Muka ce muna gani, alhali kuwa ba mu ganin kome. Muka tsaya cik. Tsayawar ma abin tsoro ce, gama ba wurin raɓewa, kuma manyan motoci su kan gangaro da kaya. Sai babban ɗanmu, yaro ɗan shekara 16, ya ce, "Baba, bari in sauka da tocila in yi gaba, ku biyo ni." Muka yarda don ba mu ga wata dabara ba. Ya bi bakin kwalta yana haska ƙasa, muka mayar da wutarmu ƙarama, muna binsa kamar makaho da ɗan jagora. Wurin da mu kan wuce cikin minti ashirin, sai da muka yi kusan sa'a biyu a cikinsa.

Da muka isa gida ba wanda ya iya cin abinci. Bayan yara sun kwanta, uwargida ta ce, "Malam, da wata mota ta gangaro, wa za ta fara samu? Ba za a sāke sa mini ɗa a gaban mota ba." Ba mu da amsa, gama gaskiya ta faɗa.

Amma akwai wani abin da ya tsaya mana a rai daren nan. Yaya aka yi 'yar tocila ta nuna hanya, manyan fitilun mota suka kāsa? Da ya ke mu ke koyar da kimiyya a aji shida, kunya ta kama mu da muka ga amsar tana cikin abin da mu kan koya wa yara. Hazo ɗigon ruwa ne ƙanana ƙwarai, masu yawan gaske, suna rataye a cikin iska. In haske ya fāɗa musu sai su warwatsa shi, su komo da wani sashe baya. Babbar wutar mota tana harba haske sosai gaba, kusan daidai da idon direba, don haka hasken da ya komo cikin idonsa ya ke shiga. Yaron kuwa ƙasa ya ke haskawa, kusa da ƙafarsa. Ashe a cikin hazo, yawan haske ba shi ne yawan gani ba. Abin lura shi ne daga ina hasken ya fito, ina kuma ya nufa.

A kan wannan hikima aka ƙera fitilar hazo. A kan ɗaura ta can ƙasa, nesa da idon direba. Haskenta ba ya zuwa nesa, sai dai ya bazu dama da hagu, an kuma datse samansa kamar da wuƙa don kada ya tashi ya shiga cikin hazon. Aikinta ta nuna bakin hanya da ramin da ke kusa, ba ta huda hazo ta nuna abin da ke can gaba ba.

Da albashi ya zo muka aika Jalingo aka sayo mana fitilu biyu masu ruwan ɗorawa. Mun zaɓi wannan launi ne don mun ji an ce ya fi ratsa hazo. Daga baya muka gane ba haka ba ne sosai, gama ɗigon hazo yana warwatsa kowane launi kusan daidai da juna. Amfaninsa dai shi ne mutane da yawa sun fi jin daɗinsa a ido, ba ya ɗauke ido kamar fari mai shuɗi-shuɗi. Mutanen Faransa ma sun kafa doka a 1936 cewa fitilun gaban mota su zama ruwan ɗorawa, ba su janye ta ba sai 1993. Wanda ya sami fari mai kyau, kada ya damu. Tsarin hasken ya fi launinsa muhimmanci.

To, ga kuskurenmu na fari. Ranar wata Asabar muka ɗaura fitilun, muka ɗauko ragowar siririyar waya da muka taɓa ja wa rediyo, muka jona ta da wayar da ke fitowa daga makunnin fitilun mota, muka naɗe da salatif. Muka kunna, suka kama. Yara suka yi ta tafi, mu kuma muna ta fāɗin rai. Kwana uku bayan haka, muna komowa daga Gembu da dare, sai muka ji ƙauri. Kafin mu tsaya hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, dukan fitilun gaba suka mutu gaba ɗaya. Allah ya sa a miƙaƙƙiyar hanya ne, ba a kan gangara ba. Muka yi maza muka cire kan batir, muka kwana a mota.

Kashegari muka kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota. Ya duba wayar da ta narke, ya dube mu, ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aiki?" Muka ce mu ne. Ya yi dariya ya ce, "Kai da ke koya wa yara lissafi, ba ka yi lissafi ba?" Muka ce, "Baba, ai shi ya sa muka zo makaranta." Ya ce mu zauna a benci. Abin da ya koya mana ran nan ya fi kuɗin da muka biya shi daraja.

Ga lissafin. Kowane ƙwan fitilarmu yana cin wat 55, biyu ke nan 110. Batirin mota bolt 12 ne. In ka raba 110 da 12 za ka sami amfiya 9 da 'yan kai, watau yawan wutar da za ta bi ta cikin wayar. Makunnin motar an yi shi domin kayan da aka ƙera motar da su, mu kuwa muka ɗora masa ƙarin amfiya 9 ta siririyar waya, ba fiyus. Kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Wayar ta yi zafi, robarta ta narke, ta taɓa ƙarfe, makunnin ya ƙone. Saura kaɗan motar duka ta tafi. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Dattijon ya gyara makunnin, amma da muka ce ya ƙarasa mana fitilun sai ya ƙi. Ya ce, "Hannun da ya ɓata, shi zai gyara. In ta mutu maka a daji, ba na wurin." Ya zana mana yadda za a yi a bayan kwali, ya lissafa abin da za mu saya: waya mai kauri, milimita 2.5, da fiyus mai amfiya 15 da gidansa, da makunni mai 'yar fitila a jikinsa, da wani ɗan akwati baƙi da a ke kira rile.

Rile shi ne zuciyar aikin. Makunni ne wanda ƙaramar wuta ke kunna shi, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya. Kamar yaron da a ke aika ya buɗe ƙofar garke: shi ba ya ɗaukar shanu, buɗewa kaɗai ya ke yi su wuce. Ƙafafu huɗu gare shi, kowace da lambarta a rubuce. Ƙafa mai lamba 30, ita ke karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus. Mai lamba 87, ita ke kai wuta ga fitilu. Mai lamba 86, ita ke zuwa ga makunnin da ke gaban direba. Mai lamba 85 kuwa a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ta haka babbar wutar ba ta shiga ɗakin direba ko kaɗan.

Asabar ta gaba muka sāke aikin, mu da babban ɗanmu. Kafin mu taɓa kome muka cire zobe da agogo, muka kwance kan batir mai alamar ragi. Shi a ke fara cirewa, shi a ke kuma mayarwa daga ƙarshe, domin in ka fara da mai alamar ƙari, sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙone hannu.

Sa'an nan muka duba mazaunin fitilun. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi ta ce kada su yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada su hau sama da manyan fitilu, kada kuma su yi nisa da gefen mota fiye da santimita 40, don mai zuwa ya gane fāɗin motar. Da ya ke hanyoyinmu na da duwatsu da laka, ba mu sa su can ƙarƙashin bamba ba inda dutse zai fasa su. Mai walda ya yi mana 'yan ƙarafa biyu masu ƙarfi, muka ɗaure su da noti a jikin bamba, muka kuma lura kada su tare wa lagireto iska. Ƙwan fitilar irin namu ba a taɓa gilashinsa da yatsa, gama maiƙon hannu ya kan sa ya mutu da wuri, don haka da tsumma mai tsabta muka riƙe shi.

Muka ɗaure rile kusa da batir, ƙafafunsa na duban ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. Fiyus kuwa muka sa shi kamar taƙi ɗaya daga kan batir. Dattijon ya nanata wannan sau uku, gama fiyus ba ya tsaron wayar da ke bayansa, sai wadda ke gabansa. In ka sa shi nesa, duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro. Muka ja wayoyin ta gefe, nesa da fanka da wurin da inji ke zafi, muka ɗaure su tam kowane taƙi biyu. Inda waya za ta ratsa ƙarfe ta shiga ɗakin direba, muka bi ta ramin da ke da roba, don kada kaifin ƙarfe ya yanke ta a hankali. Wurin ɗaura wayoyin da ke komawa jikin mota, muka kankare fenti da tsatsa sai da ƙarfe ya yi ƙyalli. Makunnin kuma muka ba shi 'yar wutarsa daga wayar fitilun fakin, domin in an kashe fitilun mota, na hazo su mutu tare, kada a manta da su su shanye batir.

Aikin ya ci mana yini guda. Da muka mayar da kan batir muka danna makunni, muka ji rile ya ce ƙas, fitilu suka kama. Muka bar su rabin sa'a muna taɓa wayoyin, ba wadda ta yi ɗumi.

Kuskurenmu na biyu ba na waya ba ne, na hali ne. Da muka ga fitilun na aiki sai muka ɗan ɗaga fuskarsu sama, wai don mu ga nesa, muka kuma shiga kunna su kowane dare, ko da hazo ko babu. Gaskiya muna jin daɗin a ce ga motar Malam can. Ran nan da safe wani maƙwabcinmu, ɗan acaɓa, ya yi sallama, hannunsa ɗaure da tsumma. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba, amma jiya da dare motarka ta makantar da ni a kwanar nan ta bakin rafi, na fāɗa kwata. Da da fasinja, ban san abin da zan ce ba." Mu ba mu ko san an yi ba, mun wuce abinmu. Muka roƙe shi gafara, muka biya kuɗin magani da na gyaran babur, amma kunyar ba ta biyuwa. Mun sa fitilu don mu tsare ɗanmu, sai ga shi mun kusa kashe ɗan wani.

Da magariba ran nan muka kai motar filin makaranta, inda ƙasa ta ke a shimfiɗe daidai. Muka tsayar da ita tana fuskantar bangon aji, tsakaninsu mita 7 da rabi. Muka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, muka ja layi da alli a bango daidai wannan tsayi, muka sāke jan wani layi santimita 10 a ƙarƙashinsa. Sa'an nan muka sassauta noti, muka sunkuyar da kowace fitila har saman haskenta ya kwanta a kan layin ƙasa, muka ɗaure. Da muka ga inda hasken ya ke dukan bango tun farko, sai muka gane lalle idon mutane muka yi ta haskawa. Ya kamata a sāke wannan awo in an yi wa motar kaya mai nauyi, gama in baya ya zauna, gaba ya kan ɗaga.

Tun daga ranar muka kafa wa kanmu doka. Ba mu kunna su sai gani ya ragu ƙwarai, da hazo ya yaye kuwa mu kashe. A Ingila ma haka dokar hanya ta ke: ma'auninsu shi ne in mutum ba ya iya ganin abin da ya wuce mita 100, in gari ya washe kuma tilas ya kashe su. Muna roƙon masu karatu su yi hankali da dogayen fitilun nan na zamani masu farin haske da a ke ɗaurawa a saman mota. Yawancinsu ba fitilun hazo ba ne. Suna watsa haske sama da ƙasa, a cikin hazo su makantar da mai su, a sarari su makantar da mai zuwa. Kafin ka saya, ka sa a kunna maka a jikin bango. In saman hasken bai yanke sosai kamar layi ba, ka bar ta ko da araha ce.

'Yan'uwanmu na Kano da Maiduguri da Damagaram za su ce wannan zancen mutanen dutse ne. Ba haka ba ne duka. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ita ma tana komo da haske cikin ido. Ran da ta yi kauri, ful ba ya taimako, ƙaramar wuta da fitila ta ƙasa su ne abokan tafiya. Wanda motarsa sabuwa ce kuma, irin mai kwamfuta a ciki, kada ya yanke wata waya da ka. Waɗansu an riga an ja musu wayar fitilun hazo tun daga masana'anta, sai jonawa kawai. Ya tambayi wanda ya sani, tambaya ba ta rage mutum.

Abu na ƙarshe, shi ne ya fi duka. Fitilar hazo ba izinin gudu ba ce. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a tana cin wajen mita 14 kowace daƙiƙa, watau kafin ƙafarka ta kai kan birki ka riga ka cinye yawancin abin da fitilar ta nuna maka. A kilomita 20 kuwa, mita 5 da rabi ne kawai. Saboda haka a cikin hazo mu kan sa giya ta ƙasa, mu buɗe taga kaɗan don kunne ya taimaki ido, mu bar wuri mai yawa tsakaninmu da na gaba. In ya yi kaurin da ko bakin kwalta ba a gani, mu nemi fili mu fita daga hanya sarai, mu jira. Sannu ba ta hana zuwa.

Damina da ta wuce hazo ya sāke kama mu a wannan hawa, kusan a wurin da ya kama mu dā. Muka rage wuta, muka danna makunni, bakin hanya ya fito dama da hagu, ciyawa da duwatsu duka. Muka yi ta hawa a hankali. Babban ɗanmu na zaune a baya da tocilarsa a cinya, har barci ya kwashe shi. Da muka shiga gari uwargida ta juya ta dube shi, ba ta ce kome ba, sai ta gyara masa bargo.

Allah ya kiyaye mana hanya, mu da waɗanda mu ke karo da su a kanta.